Alƙali da Jaki: Yadda Muke Zaɓen Ma'aunin Ƙananan Samfura



Tsakanin ƙarafa biyun da jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna yake gudu a kansu akwai tazarar milimita 1,435. In aka ce a ƙera ƙaramin samfurin wannan jirgi, a rage masa girma sau 87, tazarar za ta koma milimita 16.5. Wannan rabin milimitar da ke bayan sha shida, rular makaranta ba ta san da zamansa ba. Amma jirgin ya sani. A matse layin ya koma 16 cif, ƙafafun tarago za su cije, a kwanar farko ya hau ƙarfe ya kife, aikin wata uku ya zama abin kallon yara.

Mu ƙalilan ne da muke wannan harka ta ƙera ƙananan samfura: jirgin ƙasa, tirela, gida mai zaure da soro, wani lokaci jirgin ruwa. Kusan dukkanmu daga motar kara da ta langa-langa muka taso, inda ido ne ma'auni, yatsa kuma rula. Ido yana da kyau, kuma har yau shi ne mai yanke hukuncin ƙarshe kan ko abu ya yi kyau ko bai yi ba. Inda yake gazawa shi ne wurin da guntaye biyu za su haɗu, ko inda taya huɗu za su taka ƙasa a lokaci ɗaya, ko ranar da direban da ya shekara ashirin a kan babbar mota ya ɗauki samfurinka ya juya shi, ya ce, "Malam, ai kan motar nan ya yi wa bodin girma." Ba zai iya gaya maka da milimita nawa ba, amma ya gani. Daga wannan rana mutum yake fara neman ma'aunin da ya fi ido.

Ma'aunin nan, a tsakaninmu kalifa muke ce mata. Sandar ƙarfe ce mai tsawon kamar taƙi ɗaya, da kai mai zamewa a jikinta. Tana da manyan leɓɓa biyu a ƙasa masu kama abu ta waje, da ƙananan ƙahoni biyu a sama masu shiga cikin rami su auna faɗinsa, da siririyar wutsiya da ke fitowa ta baya don auna zurfi. Akwai awo na huɗu da mutane da yawa ba su lura da shi ba: bayan kan kalifar yana auna tudu, wato yadda wani sashe ya ɗara wani tsawo, kamar dakali a jikin bango. Dabarar karanta ɗan abin da ke tsakanin layi da layi wani Bafaranshe ne mai suna Pierre Vernier ya wallafa ta a 1631, shi ya sa ake kiran mai layuka baniya. A 1851 kuma Joseph Brown a Amurka ya fara ƙera irin wadda ƙaramin maƙeri zai iya saya da kuɗin aljihunsa.

Duk wanda ya zo mana yana tambaya wace iri zai saya, mukan mayar masa da tambaya: me za ka ƙera, kuma sau nawa za ka rage shi? Domin kuskure ɗaya ba nauyinsa ɗaya ba a kowane kaso. Ɗauki kuskuren milimita 0.1, wato kaurin takardar rubutu guda. A motar da aka rage sau 24, wannan yana daidai da milimita 2.4 a jikin motar gaske, ba wanda zai gani. A jirgin ƙasa mai kason 1:87 ya zama milimita 8.7, kusan kaurin yatsan yaro. A jirgin ruwa mai kason 1:350 kuwa ya kai milimita 35. Ɗalibin zanen gine-gine da yake aiki da kwali a kason 1:100, bulo mai inci tara zai fito masa milimita 2.25, mai inci shida kuma 1.5. Abin da yake buƙata shi ne ma'aunin da zai raba masa waɗannan biyun ba tare da shakka ba. Sayen mai karanta ɗaya bisa ɗari na milimita don a auna kwalin da ke lotsewa da ɗan matsi kaɗan, ɓarnar kuɗi ce.

Tsawo ma abin dubawa ne. Mai milimita 150 ta ishi kusan kowa. Kwantena mai ƙafa arba'in, wadda tsawonta ya kai mita 12.19, a kason 1:87 milimita 140 take komawa, ta shige bakin kalifar har da saura. Mai milimita 300 nauyi gare ta, tana rinjayar hannu, kuma ƙaramin abu kan kuɓuce kafin a gama daidaita ta.

Iri uku ne a kasuwa, kowace da halinta.

Baniya ba ta cin batir, ba ruwanta da ƙura ko laima. A kan mai zamewa an ja wasu layuka da suka ɗan fi na sandar matsuwa: layi goma a cikin milimita tara, ko hamsin a cikin arba'in da tara. Sai ka duba wane layi ne ya yi daidai da na samansa, shi ne amsarka. Ta farkon tana ba da 0.1, ta biyun 0.02. Aibinta ɗaya, tana son ido mai lafiya da haske mai kyau. Waɗanda suka haura arba'in a cikinmu, da dare ya yi sai ka ga sun jawo gilashin ƙara girma.

Mai agogo tana da allura mai juyawa, karatunta da sauƙi, kuma tana nuna maka a fili in abu yana kauri yana sirancewa yayin da kake jan ta a jikinsa. Amma allurar tana tafiya ne a kan wasu ƙananan haƙora da ke buɗe a jikin sandar. Garin katako ko ƙwayar yashi ɗaya ta faɗa ciki, allura ta tsallake, sifili ya gusa. A ƙasar da hunturu yake shigo da ƙura har cikin akwati, mai agogo sai mai haƙurin share-share.

Mai batir ita ce ta fi yawa yanzu. Tana rubuta lamba ɓaro-ɓaro, tana juya inci zuwa milimita da maɓalli ɗaya, kuma ana iya mayar da ita sifili a ko'ina. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. In kana son sanin nawa za ka rage a jikin sanda kafin ta shiga rami, sai ka auna ramin, ka danna sifili, ka auna sandar: abin da ya fito shi ne abin da za ka goge. In ramuka biyu faɗinsu ɗaya, ka auna ɗaya da ƙahoni ka danna sifili, sannan ka buɗe ƙahonin daga can gefen wannan zuwa can gefen wancan, ka sami tazarar tsakiya zuwa tsakiya ba tare da lissafi ba. Da haka muke daidaita gatarin gaba da na baya. Sai dai gumi ko danshin damina a kan sandar yakan sa lambobi su riƙa tsalle, kuma masu arahar suna ci gaba da shan batir ko da fuskar a kashe take. Shi ya sa muke cire batir in za mu ajiye, kuma muka fi son SR44 a kan LR44, domin ƙarfinsa ba ya raguwa a hankali ya ruɗa awo. In ka ga an rubuta IP54 ko IP67 a jiki, lambar farko kariyar ƙura ce, ta biyu ta ruwa.

A nan akwai tarkon da ya kamata a sani. Fuskar da ke nuna 0.01 ba alƙawari ta yi maka cewa gaskiyarta ta kai haka ba. Hatta manyan kamfanoni irin su Mitutoyo na Japan, abin da suke ɗaukar alhakinsa a mai milimita 150 shi ne 0.02 sama ko ƙasa. To, ina ga wadda ba a san wanda ya ƙera ta ba? Ga kuma jabu da ke yawo da sunan manyan. Zafi ma yana da nasa rabon. Kayan awon tsawo a duniya an daidaita su ne a kan digiri 20. A zafin bazara mai digiri 40, ƙarfe mai tsawon milimita 150 yana miƙewa da kusan 0.03, robar da ake yin samfura da ita kuma wajen ninki shida na haka. Saboda haka ba ma auna abin da ya sha rana sai ya huce, kuma ba ma jayayya a kan lambar ƙarshe.

Tunda gwano ba ya jin warin jikinsa, kalifa ba za ta gaya maka tana ƙarya ba. Sai ka tafi shago da shaidunka a aljihu. Mu abu biyu muke ɗauka. Na farko katin ATM, domin duk duniya girmansa ɗaya ne: tsawo milimita 85.60, faɗi 53.98, kauri 0.76 in an kauce wa inda lambobi suka yi tudu. Na biyu sabon boris mai lamba 6203, irin wanda ke shagon kowane mai kayan gyara: wajensa 40, raminsa 17, kaurinsa 12. Da shi kaɗai za ka gwada leɓɓa da ƙahoni. Kafin haka mukan ce, "Alhaji, a ba mu mu ɗaga ta a haske." A rufe leɓɓan a duba ta hasken ƙofa. In haske ya ratsa ta sama ko ta ƙasa, bakin bai haɗu ba, a mayar. A buɗe a rufe sau goma, a ga ko kullum tana komawa sifili. A ja kan daga farko zuwa ƙarshe a ji ko akwai inda yake cijewa ko yake lilo. Mai shagon da ya yarda da kayansa ba ya hana wannan.

Yanzu ga maganar da ta fi kawo gardama, wato gyaran kalifa. Ka'idarmu ita ce a mallaki biyu. Ɗaya muna ce mata alƙali: ita ce mafi kyawun da aljihu ya iya saya, tana kwance a gidanta, ba ta jan layi, ba ta ganin magagari, ba a ba da aronta. Ɗayar kuma jaki: mai araha, wadda muke sassaƙawa yadda aiki ya nema. Duk sati sai a auna boris ɗin nan da su biyun, a ga ko jaki ya fara kauce hanya.

Gyaran farko ga jaki ba ya wuce tsabta. Masu araha sukan zo da kaifi a gefuna da garin ƙarfe a ciki, kana ja kana jin ƙaras-ƙaras. Sai a cire batir, a zare kan, a goge, a bi gefunan sandar da samfefa mai laushi sosai. A saman kan akwai ƙananan sukurori biyu da ke danne wani siririn falle na tagulla. A ɗaure su har kan ya tsaya, sannan a sassauta kaɗan-kaɗan har ya riƙa zamewa ba tare da lilo ba. Wannan aikin minti ashirin yakan mayar da abin da aka raina abin dogaro.

Gyara na biyu shi ne na jan layi. Kowane mai ƙera samfuri yana buƙatar layin da ya bi gefen falle daidai, misali layukan katakon bodin mota, ko tagogin tarago goma sha biyu da dole su zauna a saiti ɗaya. Hanya mafi sauri ita ce a kulle kalifa a kan awon da ake so, leɓe ɗaya ya bi gefen fallen, ɗayan ya karce layi. Amma in leɓɓan tsawonsu ɗaya, dole a karkata ta kafin ɗaya ya kama gefe, karkatar kuma tana rage awon. Maganinsa a rage tsawon leɓe ɗaya da milimita ɗaya ko biyu, a fiƙe shi ya yi tsini, dogon ya zama mai bin gefe. A roba da tagulla mukan shafa baƙar maka tukuna, layin ya fito fes.

Gyara na uku sirantawa ne. Leɓɓan da suka zo daga kamfani sun yi kauri ga wasu lunguna, kamar bayan ƙafafun jirgi. A kason 1:87 tazarar da ke tsakanin bayan ƙafa da bayan ƙafa kimanin milimita 14.5 ce, in ta kauce da 'yan goma-goma, tarago zai yi tafiyarsa lafiya a miƙaƙƙen layi, ya zo mararraba ya sauka. Don a kai ga wurin sai an rage naman leɓɓan. Doka ɗaya ce a nan: ana ci ne ta baya, ba a taɓa fuskar da ke haɗuwa da 'yar uwarta. Kuma a yi a hankali, ana tsoma bakin a ruwa, domin da ƙarfe ya yi shuɗi ya sha wuta ke nan, taurinsa ya tafi. Mun fi son dutsen wasa wuƙa a kan inji. Sannu ba ta hana zuwa.

Sauran ƙananan dabaru ne. In za mu auna abin da aka riga aka yi wa fenti, mukan manna salatif na takarda a leɓɓan, mu rufe, mu danna sifili, kaurin salatif ɗin ya fita daga lissafi. Wasunmu na ajiye ta roba don wannan aikin kaɗai, tunda ba ta karce komai, ko da yake 0.1 ce iyakarta. A bayan jaki kuma mukan liƙa 'yar takarda mai awon da muke yawan nema a kason da muke aiki: ƙofa, bulo, taya, tsayin mutum. A 1:87, ƙofa mai faɗin milimita 900 da tsayin 2,100 tana komawa 10.3 da 24.1.

Akwai wani dattijo mai injin sassaƙa ƙarfe da muke kai wa aikin ƙananan gatura. Ranar da ya ga jakin ɗayanmu da leɓe a fiƙe, sai ya ajiye abin da ke hannunsa, ya karɓa ya daɗe yana juyawa. Ya ce, "Yaro, wa ya yi wa ma'auni wannan wulaƙanci?" Aka ce, "Baba, ai wannan ta aiki ce, ga ta awo nan," aka buɗe masa gidan alƙali. Ya ɗaga ta a haske, ya rufe ya buɗe, ya mayar da hannu biyu. Ya ce shi a zamanin da ya koyi aiki, wanda aka kama yana karce ƙarfe da baniya ya sha mari a ranar. Bai ce ya yarda da mu ba. Amma ya tambayi yadda aka rage leɓen, kuma ya saurara har ƙarshe. Muna ganin duka ɓangarorin suna da gaskiya. A wurinsa ma'auni ɗaya ne ya ci albashin wata, kuma a kansa amanar masu kawo aiki take. A zamaninmu an sami mai arahar da za a iya sadaukarwa. Abin da bai canja ba shi ne dole a sami guda a gidan da ba a taɓa ba.

Hannu ma yana da rabonsa a gaskiyar awo. Layukan kalifa suna jikin sanda, abin da ake aunawa kuma yana can ƙasa a bakin leɓɓa, saboda haka duk ɗan lilon da kan ya yi yana ninkuwa a tsini. Wani masani Bajamushe, Ernst Abbe, ya bayyana wannan tun a ƙarni na 19. A aikace ma'anarsa ita ce a tura abu can ciki kusa da sanda duk lokacin da ya yiwu. Kada a matse. Totuwar kara da kwali da katako mai laushi duk suna ba da kai, su ba ka lambar da kake so maimakon wadda take. A taɓa kawai, a ɗan motsa abin har ya zauna, a auna sau uku. Kafin a fara kuma a ja farar takarda a tsakanin leɓɓan, za ka yi mamakin dattin da zai fito.

Kada mai karatu ya ɗauka duk wannan yana nufin samfuri sai ya bi lissafi sau da ƙafa. Ingila ce babban misali. Da aka fara ƙananan jiragen lantarki, injinan lokacin sun yi wa cikin samfurin jiragensu girma, domin jiragen Ingila sun fi na Amurka da na sauran Turai ƙanƙanta. Sai suka ƙara girman jikin zuwa 1:76, suka bar layin a milimita 16.5, alhali lissafi 18.83 ya ce. Har yau wannan kaso da suke kira OO shi ne ya fi karɓuwa a can, waɗanda abin ya dama kuma suna shimfiɗa nasu layin da hannu a 18.2 ko 18.83. Mu ma muna da irin wannan. Tsohon layin dogon da ya iso Kano a 1911 faɗinsa milimita 1,067 ne, a raba da 87 ya ba da 12.26, layin da ake sayarwa kuwa 12 ne. Muna amfani da shi, mun san mun ci bashin 0.26. Haka gilashin taga ko makarin bene: in aka bi lissafi za su yi sirantar da ko numfashi zai karya su, dole a ƙara musu kauri.

Bambancin shi ne wanda ya auna ya san inda ya kauce, da nawa, da dalili, kuma zai iya maimaita shi a tarago na biyu da na goma su fito iri ɗaya. Wanda bai auna ba, ko aikinsa ya yi kyau, ba zai iya sake yin irinsa ba, ba kuma zai iya koya wa wani ba. Wannan ne yake damunmu game da yaran da muke gani da motocin waya da na gwangwani masu ban mamaki. Hannu akwai, ido akwai, amma aikin yakan tsaya a guda ɗaya, a ɗauki hoto a yaba, shi ke nan. Yaron da ya iya raba 1,435 da 87, ya kuma iya karanta amsar a jikin baniya, ya riga ya taka matakin farko na zanen inji da na gini.

Don haka in akwai irin wannan yaro a gidanku, ƙane ne ko ɗa ko almajirin unguwa, ku saya masa baniya ta ƙarfe mai milimita 150, ku haɗa masa da boris ɗaya da tsohon kati. Ku nuna masa yadda ake ɗaga ta a haske. Jakin, shi zai nemo da kansa in lokaci ya yi.